Takardar Albashin Kansiloli

Jikokina sukan yi mini dariya in na ce na yi aikin gwamnati. Wai masinja? Ai ɗaukar takarda ne daga wannan tebur zuwa wancan, ko akuya aka rataya wa a wuya za ta kai. To, ku matso ku ji, ku da masu irin tunaninku. Takardar nan da kuke rainawa ta raba mutane da abincinsu a kan idona, ni ma kaɗan ya rage.

Na shiga aikin tun zamanin En'e, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, a nan Gaya. Wanda ya koya mini shi ne Baba Tanko, shugaban masinjoji, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana. Ranar farko ya jera mini kayan aiki a kan benci: kaki biyu, jakar fata mai marfi, littafin sa hannu, da keke wanda ya girme ni a ofis. Ya ce jakar ba ta taɓa ƙasa, ko salla zan yi sai dai in rataye ta a wuya. Littafin kuwa, duk wanda na miƙa wa takarda sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ko da uban da ya haife ni ne.

Aikena na farko Ajingi ne, ana tsakiyar damina. Ambulan ɗaya tak, an manne bakinta da jan ɗanko an buga hatimi. Ruwa ya tare ni a hanya, na cusa jakar cikin riga, na kifa ciki a kanta ƙarƙashin wata tsamiya har aka ɗauke. Na isa jiƙe sharkaf, takarda kuwa ko ɗigo. Da na dawo da amsa, Baba Tanko bai tambayi lafiyata ba. Ya ɗaga ambulan ɗin ya duba ta a hasken taga, ya shinshina bakinta, don wai akwai masu kara ta a tururin shayi su buɗe su mayar. Sannan ya ce, "To, ka iya keke. Saura baki."

Nan ne matsalata take. Ni mutum ne mai son hira, in na zauna a ƙofar gida bayan la'asar ba na gajiya, kuma kunnena ba ya barin komai ya wuce. Baba Tanko ya gane haka tun makon farko. Sai ya riƙa faɗin labarin ƙarya a inda zan ji, wai za a canja wane, wai za a kama wane, ya zauna yana jira ya ga ko zai dawo masa daga kasuwa. Wata uku yana yi mini haka ban sani ba. Da bai ji komai ya dawo ba, sai ya tsayar da ni a ƙofar ɗakin taro, in kai ruwa da goro, in shiga da fayil in fito da fayil. Wannan ƙofa ita ce ƙololuwar aikin masinja. Kana jin komai, kuma kai ba ka nan.

Akwai wata al'ada da na tarar, ba a rubuta ta ko'ina ba: kwandon shara na masinja ne. Takarda tana da daraja a lokacin, babu ledar nan taku. Mai ƙosai, mai tsire, mai gyaɗa, kowa nema yake ya ƙunshe kaya. Baba Tanko yana kai tasa wa wata mai waina. Ni kuma, da ya yi ritaya, na riƙa kai wa Iya Dije mai ƙosai a bakin tasha, ita kuma kowace safiya ta ƙunsa mini na karin kumallo. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Takardun da Turanci ake buga su, ni kuwa iyakata yaƙi da jahilci, Hausa kawai nake haɗawa da ƙyar. A idona duk takardar da aka yar ta mutu.

Sai aka zo aka sauya tsari, zamanin soja, aka ce kowace ƙaramar hukuma za ta samu kansiloli zaɓaɓɓu. Lokacin mu da Ajingi majalisa ɗaya muke. Ku sani, shekarun nan ba na wasa ba ne. Ba a daɗe ba da yin korar ma'aikata ta rediyo, mutum yana cin tuwo ya ji sunansa, babu fansho babu sallama. Kowa a ofis tafiya yake kamar an ɗora masa ƙwarya cike da ruwa. A ƙauyuka kuma ba a gama farfaɗowa daga fari ba, ga gyaɗa ta lalace, ga haraji ba a fasa karɓa ba.

Yanzu ku kuna zaton wanda aka zaɓa shi yake yanka wa kansa albashi. Ba haka na gani ba. Su dai suna zama su faɗi abin da suke ganin ya dace: kuɗin zama, kuɗin hanya, da abin da za a ba masu riƙe da sassa duk wata. A rubuta, Sakatare ya haɗa da bayanin abin da asusu zai iya ɗauka, a aika Kano. Can a ma'aikata su auna da ma'aunin albashin ma'aikata, su kai gaba a sa hannu, sannan takarda ta dawo. Abin da ta faɗa shi ke nan. Amma kafin ta dawo, abin da aka roƙa sirri ne, don talaka ba ya bambanta roƙo da samu.

Ranar da suka yi wannan zama ina tsaye a ƙofa da butar shayi. Tun hantsi ake abu ɗaya: da wa za a auna kansila?

Wani ya ce, "Da hedimasta."

Alhaji Bawa, kansilan da ya fito daga Ajingi, mai babbar murya, ya buga tebur. "Hedimasta? Shi hedimasta mutum nawa ke sallama a ƙofarsa da asuba? Ni tun da kuka jawo mini wannan kujera, mai haihuwa ni, mai rasuwa ni, wanda jakinsa ya ɓata ma ni. A auna mu da alƙali!"

Aka yi dariya. Malam Idi, kansilan Balan, manomi ne, ba ya son hayaniya, ya ce, "Alhaji, ni ba na neman na alƙali. Ina zaune a nan ciyawa tana cin gerona. A ba ni abin da zan biya 'yan ƙwadago, shi ke nan. Amma ku tuna, mutanen da suka ɗaga mana hannu, wasu akuyarsu suka sayar suka biya haraji."

"To kai ka yafe naka mana, Malam. Mu ma ka yi mana addu'a."

Har azahar kafin su tsaya a kan wani adadi, kuma ya fi kusa da na Alhaji Bawa. Sakatare, wani siririn mutum mai tabarau da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Wannan magana ta tsaya a ɗakin nan har Kano ta amsa." Da ya faɗa, ni ya kalla. Na sunkuyar da kai.

Da yamma muka shiga ɗakin inji ni da Malam Sabo, akawu mai buga tafireta, ɗan Kademi, saurayi ne da bai fi wata huɗu da aure ba. Shi ya buga, ni na juya hannun injin gurza takarda, mai fitar da kwafi. Wanda ya san injin nan ya san halinsa: na farko-farko sukan fito da tawada ta yi yawa, baƙi ƙirin a gefe. Ranar ma ya yi gardama ƙwarai, muka ɓata da yawa kafin ya daidaita. Malam Sabo ya tattara masu kyau ya kulle a kabad, ya ƙona takardar kakin da ya buga rubutun a kai aka ɗaura wa injin, kamar yadda doka ta ce. Aka kira salla ya fita. Ni kuma na share ɗaki, na juye kwando a buhuna yadda na saba.

Kwana biyar ba a ji komai ba. Bakina kuwa na ɗinke shi, ko maiɗakina ban gaya wa ba, har tana tambayata ko ba ni da lafiya ne.

Washegarin kasuwar Ajingi sai ga Alhaji Bawa a kan babur tun kafin a buɗe ofis, babbar rigarsa a yage ta kafaɗa. Bai yi sallama ba. Muryarsa har bakin titi.

"An kashe ni! A tsakiyar kasuwa aka kewaye ni, ana karanto mini adadin, ko kwabo ba su yi kuskure ba! Wai mun zaɓe ka ka je ka raba harajinmu! Har da masu watsa mini ƙasa, yaran da na halarci sunansu! Sakatare, ɓarawon yana cikin gidan nan. A fito da shi a miƙa wa 'yan sanda, ko ni in tafi Kano da ƙafata."

Sakatare ya tara mu a baranda, mu ma'aikatan da takardar ta bi ta kusa da mu. Ya ce mutum uku ne suka san adadin ban da kansiloli: shi, da wanda ya buga, da wanda ya tsaya a ƙofa. Duk aka juyo ana kallona, don kowa ya san ni, Ilu, da surutu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ko a mafarki ban furta ba."

Ya ce, "Na ji. Amma waɗanda suka tare Alhaji ba ji suka yi ba, karantawa suka yi. Wani malamin makaranta ne ya kwafe a allo, layi bi layi, har da lambar fayil. Kai ka iya Turanci?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Sai idanu suka bar kaina suka koma kan Malam Sabo. Ya ce, "Yallaɓai, ni... makullin yana wuyana, ko wanka zan yi..." Bai ƙarasa ba. Sakatare ya karɓi makullin, ya ce ranar Alhamis za a kawo malami da Alƙur'ani, kowa ya yi alwala ya dafa cewa ba ta wajensa takardar ta fita ba. Wanda ya ƙi, ko aka gano shi daga baya, sunansa zai tafi Kano.

Ba zan ɓoye muku ba, na koma gida da sauƙi a raina. Na tausaya wa yaron, amma na ce tsakaninsa da Allah.

Ranar Laraba da safe na biya wajen Iya Dije kamar kullum. Tana ta tsokanata, "Ɗan gwamnati, yau fuskar a sake, an ƙara muku ne?" Ta kwaso ƙosai ta barbaɗa yaji ta miƙo. Na kai hannu ke nan na ga gefen takardar. Baƙar tawada ce ta zubo daga sama har ƙasa, ga shatin babban yatsana a kusurwa, inda na ciro ta daga inji.

Ƙosan nan ban san inda ya faɗi ba. Na ce, "Iya, takardun da na kawo miki makon jiya, ina sauran?"

"Wanne? Masu baƙin nan? Ai ɓata mini ƙosai suke, wannan ma kuskure na yi. Na ba Ɗan'azumi mai tsire, da zai tafi cin kasuwar Ajingi. Shi nama ba ya nuna tawada. Lafiya, Ilu? Ka ga yadda ka koma kuwa?"

Na karɓe 'yan ukun da suka rage a ƙarƙashin farantinta na cusa a aljihu. Ranar na yi aiki ban san me nake yi ba. Na kai fayil ɗin asibiti ofishin gona. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ce 'yan sanda ne. Takardun nan uku suna aljihuna, maiƙo ya fito ta kakin, ina ta rufewa da jaka. Malam Sabo yana zaune a teburinsa ba a ba shi aikin komai ba, ba mai yi masa magana. Da zan wuce ya kira ni a hankali.

"Baba Ilu, kai ka daɗe a gidan nan. In mutum ya rantse da gaskiyarsa, suna yarda? Ko dai sun riga sun gama da ni?"

Na ce, "Allah yana nan, Malam Sabo." Na wuce da sauri.

Da la'asar ban fita ƙofar gida ba. Maiɗakina ta same ni a bayan rumbu ina ƙoƙarin kunna ashana in ƙone takardun. Na gaya mata komai. Na ce ba wanda ya sani, Iya Dije ba ta san abin da ta riƙe ba, Ɗan'azumi ma haka. Na ce yara shida gare mu, gonar gado ba ta kai mu rani. Na ce ai ni ban yi niyya ba, ban faɗa wa kowa ba, in na dafa a kan ban ci amana ba ai ban yi ƙarya ba.

Ta ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. Amma wanda za ka dafa littafinsa ya san abin da ake tambaya. In ka dafa ka dawo gidan nan, da wane hannu za ka ci tuwo da yaran nan?" Ta karɓe ashanar ta koma ɗaki. Takardun ta bar mini.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarma a ofishin Sakatare. Malamin ya zauna da Alƙur'ani a cikin gafaka, Alhaji Bawa da Malam Idi suna gefe a kan kujeru, ga ɗan sanda ɗaya a bakin ƙofa, wanda ba a gaya mana zai zo ba. Muka yi alwala a waje. Ruwan ya bushe a fuskata kafin in shiga, gumi ya maye gurbinsa. Sakatare da kansa ya fara dafawa. Sai ya ce, "Ilu, kai ne babba. Bismilla."

Na durƙusa. Malamin ya buɗe gafaka ya miƙo. Na ɗaga hannu, ya tsaya a sama. Ina jin numfashin Malam Sabo a bayana. Malamin ya ce, "Dafa mana, bawan Allah." Hannun nan ya ƙi sauka. Sai na mayar da shi aljihu, na ciro takardun nan masu maiƙo, na ajiye a gaban Sakatare.

"Ranka ya daɗe, ta wajena ta fita. A kwandon shara."

Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu ya kai kusa da tabarau. Ɗakin ya cika da ƙanshin man gyaɗa. Na faɗi yadda aka yi tun daga inji har Ɗan'azumi. Malam Sabo ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Alhaji Bawa ya miƙe. "Tsire? Da mutuncina aka ƙunshe tsire? Kofur, kama shi!"

Ɗan sandan ya matso har na ji takalminsa a jikin ƙafata. Malam Idi ya ce, "Dakata, Alhaji. Mutumin nan da ya dafa, da yanzu yaron can ne a hannun Kofur, mu kuma muna nan muna cewa an yi adalci. Ni abin da aka karanta maka a kasuwa, a gabana ka faɗe shi. Ba a ƙara maka ko kwabo ba."

Sakatare ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ya tambaye ni shekara nawa ina kai takarda wajen mai ƙosai. Na faɗa. Ya cire tabarau ya murza ido, na san yana tuna abubuwan da suka bi ta kwandon nan a tsawon shekarun. Ya ce wa ɗan sanda ya jira a waje. Sannan ya ce sunana ba zai tafi Kano ba, don in ya tafi, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya bar al'adar ta daɗe haka. Ya mayar wa Malam Sabo makullinsa. Daga ranar duk sharar ofis ƙona ta za a riƙa yi a gaban akawu.

"Kai kuma, Ilu, ka gama tsayuwa a ƙofar majalisa. Ranar Litinin ka koma Ajingi, ɗakin shan magani suna neman mai shara da aike. Mutanen da ka ba karatu, je ka zauna da su."

Ni da ban taɓa kwana uku a jere a wajen gidana ba, shekara huɗu na yi a can, a wani ɗaki bayan ɗakin shan magani, ina zuwa gida ranar Juma'a a kan keke in koma Asabar. Alhaji Bawa bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya bar duniya.

Amsar Kano kuwa ta zo bayan wata biyu. Ban gan ta ba, ban ɗauke ta ba. A kasuwar Ajingi na ji, a tsaye cikin mutane kamar kowa: an yanka wa kansilolin jihar gaba ɗaya abu guda, kuma bai kai abin da namu suka roƙa ba, ko kusa. Ɗan'azumi ne mai ba da labarin, yana juya tsire yana yi wa masu saye bayani kamar shi ya sa hannu. Da ya hango ni ya washe baki.

"A'a, Malam Ilu! Ashe nan aka dawo da kai? Madalla, abin ya zo kusa. Don Allah in an samu 'yan takardu a asibitin, ka tuna da ni."

Na ce masa ya ƙunsa mini na sule biyu a ganye.